Inci Ashirin da Takwas

Ruwan daren Talata bai bar kowa ya runtsa ba.
Kafin asuba wani loko ya kwanta a Ikorodu,
ya danne katanga, ya toshe layi,
ya bar rami kamar an cire wa unguwa haƙori.

Aka kira ni. Na zagaya shi sau biyu,
na shimfiɗa igiya a gindinsa, gefe zuwa gefe,
na ƙulla inda faɗin ya ƙare.
Taku huɗu da 'yan kai.
Ƙaramin injina da ya ji labari,
tun daga Agege ya fara tari.

Sai Idumota, da kuɗin adashen shekara uku
ɗaure a cinya ƙarƙashin wando.
Shagon Okwudili ƙunci ne da warin giris,
zartuna rataye kamar kifin banda,
kowanne ya zaro harshen ƙarfe
da sarƙa ke yi wa ɗawainiya.
Ya kira ni Alhaji, ni da ko jirgi ban taɓa shiga ba,
ya sauko da mai inci talatin da shida,
ya ce wannan, in ka shiga layi da shi,
itacen da kansa zai ba ka hanya.

Na so shi. Ba zan ɓoye ba.
Na hango kaina a kan gungume,
yaran layi suna nuna ni da baki.
Na ɗaga shi, na miƙe hannu, na fara ƙirga.
A goma sha ɗaya hancinsa ya sunkuya ƙasa,
a goma sha biyar bayana ya tuna mini shekaruna.

Nan Baba Lasisi ya faɗo mini a rai,
maigidana na Oko-Baba, mai yatsu takwas,
wanda ya koya mini Yarbanci da wasa haƙoran sarƙa
duk a rani ɗaya.
Yakan ce: Jatau, tsawon harshe ba ƙarfi ba ne,
ciki ke jan sarƙa.
Ɗora dogon harshe a kan ƙaramin ciki,
ka ji kuka babu aiki.
Kuma tsinin da idonka bai bi ba,
shi ke dawowa ya gaida goshi.
Sai ya ɗaga hannun nan nasa, ba ya ƙara komai.

Na kwance igiyata a kan kanta.
Na ninka ta biyu, ƙulli ya sumbaci baki.
Rabin loko ke nan.
Abin da ban cimma daga gabas ba,
zan zagaya in same shi daga yamma.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na ce a ba ni babban ciki, mai ashirin da takwas.
Na sa ya tayar da shi a bakin kwata,
na kara kwali, na ga baƙin mai yana feshi,
na bugi birki, sarƙa ta tsaya cak
kamar ɗan acaɓa ya hango hukuma.
Muka yi ciniki har azahar ta kusa kuɓuce mini.
Ya rantse ya faɗi, na rantse na talauce,
ya ƙara mini sarƙa ɗaya da zarton wasawa,
muka rabu kowa yana murmushi a ɓoye.

A tasha kwandasta ya dubi buhun, ya dube ni,
ya ce kuɗin mutum biyu.
Ban yi musu ba.
Na zaunar da shi wajen taga,
muka haye gada, ruwan Ikko yana ƙyalli a ƙasa,
hannuna a kafaɗarsa saboda gargada.
Gobe da sassafe za mu san juna.